Tokar tsohuwar da na yi wa aiki tana hannuna, ɗanta ya ƙi zuwa ya karɓa

Assalamu alaikum Admin da dukkan 'yan gidan nan. Don Allah a ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin wani ya fara zagina, domin abin da ke damuna ban iya faɗa wa kowa baki da baki ba, ko gwaggona da nake zaune a gidanta ba ta sani ba.

Ni 'yar Katsina ce, bayan na gama sakandare aka kawo ni Faransa wurin ƙanwar babana, tana auren wani Alhaji ɗan Maraɗi mai harkar kaya, suna zaune a Stains kusa da Paris. Faransancina har yanzu na kasuwa ne, amma ina jin Turanci daidai gwargwado, shi ya sa wata 'yar Nijar da ke karatu a Lyon ta yi mini hanyar aiki a Bron, gefen Lyon ɗin, wurin wata tsohuwa 'yar Ingila da ke neman mai kwana da ita. Alhaji bai so ba, ya ce ba ya son 'yar Musulmi ta tare a gidan Nasara, gwaggo ce ta tsaya mini har ya haƙura.

Tsohuwar nan ta daɗe a Faransa, ita da mijinta Tom suka zo bayan ya yi ritaya, da ya rasu aka kai shi ƙauyensu a Ingila aka binne, ita kuma ta dawo ta ci gaba da zama ita kaɗai. Ɗa ɗaya gare ta, Colin, yana can Ingila da iyalinsa. Wallahi ban taɓa ganin wulaƙanci daga matar nan ba. Na gaya mata a wurinmu jika da kaka wasa suke yi, sai ta ce to daga yau in riƙa ce mata Kaka, kuma ta riƙe wasan fiye da ni. Idan na haɗa mata shayi sai ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce wannan ruwan wanke-wanke ne, mijin da zai aure ni ya shiga uku. Ni kuma in ce mata ai gara ni, ita da ke cin dafaffen kabeji babu ko yaji. Da azumi ita take duba agogo ta ce mini lokaci ya yi, kuma ba ta cin komai a gabana sai na sha ruwa.

Wata rana Alhaji ya kira ni yana faɗa a kan ban biya kasona na asirans ba, wato inshorar da mutanenmu na nan suke yi don idan mutum ya rasu a mayar da gawarsa gida. Kaka ta ji muryarsa ta tambaye ni lafiya, na yi mata bayani. Ta yi dariya ta ce ashe duk ɗaya muke, ita ma tana da irinta tun tana Ingila, kuma ba ta taɓa fashin biya ba. Ta ce, "Yarinyata, ranar da na mutu jirgin sama zan hau kyauta, su kwantar da ni gefen Tom. Abu ɗaya ne ba na so, kada a ƙona ni, ni ko girki tsoron wuta nake." Na ce mata ai ni zan raka ta filin jirgi in tabbatar ba a ba ta shayi mai kyau ba. Da wasa muka rufe maganar.

A ƙarshen sanyin da ya wuce ta kamu da ciwon ƙirji, aka kwantar da ita asibiti, ba ta tashi ba. Da rana tsaka ta cika, hannunta yana cikin nawa. Colin ya iso washegari, kuma a gabana ya kira kamfanin inshorar. Na ga fuskarsa tana canzawa, ya zauna a ƙasa a tsakar falo. Abin da suka gaya masa shi ne inshorar ta mazauna Ingila ce, ko wanda ya fita ɗan gajeren bulaguro, ita kuwa tunda ta tare a Faransa ta fita daga ciki, ko da tana biya. Ya yi ta musu da su, ya kira wani ya kira wani, amsa ɗaya. Asibiti dai an biya ta tsarin lafiya na nan, amma ɗaukar gawa zuwa Ingila sai daga aljihunsa, ya ce ba shi da halin haka. Na gaya masa abin da ta ce mini game da wuta, ya ce ya sani, shi ma ta sha faɗa masa, ya rufe fuska yana kuka. A ƙarshe dai ya yanke shawarar a ƙona ta, tunda tokar ce kaɗai yake da halin kaiwa gida.

Jama'a ni ban taɓa sanin yadda ake ƙona mutum ba. Na bi Colin wurin ƙonawar ne don a wurinmu ba a barin mai rashi shi kaɗai, kuma banda ni da shi sai wasu maƙwabta tsofaffi. Ɗaki ne mai tsabta da kujeru da furanni kamar wurin jiran likita, aka sa kiɗa a hankali, sai wata ƙofa ta buɗe akwatin ya shige, ta rufe. Shi ke nan. Babu ƙasa, babu wanda ya ɗauka a kafaɗa. Na fito waje na yi amai a gindin wata bishiya.

Daga nan ne matsalata ta fara. Ashe fitar da toka daga Faransa ma sai da takardar izini daga hukuma, kuma ba ta fito ba har hutun da aka ba Colin a wurin aiki ya ƙare. Ya roƙe ni in karɓa in tafi da ita Paris tunda dama can zan koma, shi kuma zai shigo jirgin ƙasa ya same ni a tasha ya karɓa. Zuciyata ta ce a'a, amma bakina ya kasa, mutum uwarsa ta mutu yana kuka a gabanka yana roƙonka, ta ina za ka fara cewa ba za ka iya ba? Ya ba ma'aikatan wurin ƙonawar sunana, na je na sa hannu. Suka miƙo mini wani ɗan tulu na ƙarfe mai murfi a cikin kwali. Na rantse muku da na rungume shi ɗumi na ji, na gaya wa ma'aikacin wurin, ya ce ba zai yiwu ba, ya daɗe da hucewa. Amma har na sauka a Paris ina jin ɗumin a cinyata, kuma na kasa ɗora shi a wurin kaya na jirgin ƙasan da na hau, na riƙe ta kamar yadda nake riƙe ta idan zan tashe ta daga kujera.

Ranar da muka yi da Colin bai zo ba, ya ce aiki. Muka sa wata rana, ya ce matarsa ba lafiya. Na je tashar na tsaya da jaka ina kallon masu fitowa har ƙafata ta yi sanyi, sai ga saƙo wai in yi haƙuri. Takardar izinin ta fito tuni, an aika masa, amma daga baya ma sai ya daina ɗaukar waya.

Kwalin yana ɗakin da nake kwana a gidan gwaggo. Da farko a wardrob na saka, sai na lura wardrob ɗin yana daidai alƙibla, duk sallar da zan yi ita ce a gabana, in tayar da kabbara in rasa raka'a ta nawa nake. Na mayar ƙarƙashin gado, sai na ga ai kwanciya nake a kan mutum. Na fitar baranda na rufe da leda, da la'asar aka fara ruwa, na tuna yadda take ƙin sanyi, har safa biyu take sawa, ban san lokacin da na ruga na ɗauko ta ba ina ba ta haƙuri. Ina sane da cewa wanda ya mutu ya tafi, ba aljanu nake gani ba, ba kuma ta taɓa fito mini ba. Amma idan na haɗa shayi sai in ji kamar za a ce ruwan wanke-wanke ne, in juya babu kowa. Rannan gwaggo ta gama turaren wuta ta juye tokar kaskon a shara a gabana, kawai sai na fashe da kuka, ta tsaya tana kallona.

Ta fara zargin wani abu. Ta ce na rame, ba na cin abinci, ko wani ne ya yaudare ni a Lyon in faɗa mata tun da wuri. Shekaranjiya ta shigo neman zare ta ga kwalin, ta ɗaga ta ce, "Ke 'yar nan, wannan mai nauyin fa? Gadon da tsohuwarki ta bar miki ne kike ɓoye mana, ko tsoro kike kada mu ce a raba?" Na ce kayan mutane ne aka ba ni ajiya. Ta ce to Allah ya sa ba kayan da za su jawo mana 'yan sanda ba ne, kin dai san halin Alhaji. Ta ajiye ta fita.

Kuma maganarta ba wasa ba ce, domin na bincika an ce mini a ƙasar nan doka ba ta yarda a ajiye tokar mamaci a gida ba, ga sunana a takarda, ga takardun zamana da ake sabuntawa duk shekara. Idan Alhaji ya ji cewa na shigo masa da ƙonanniyar gawa gidan da yake sallah, ban san ni da gwaggo wa zai fara kora ba, ita da ta tsaya mini.

Na samu lambar wani malami na kira shi, na ce wata ƙawata ce abin ya samu. Ya ce ɗan Adam yana da daraja ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ƙonawar ba laifin ƙawar tawa ba ne tunda ba ita ta yanke ba, amma abin da ya rage a sa shi a ƙasa shi ne mutunci, kada a watsar. Sai ya ce, "To malama, yanzu tokar tana ina?" Na kashe wayar.

Jiya da safe Colin ya turo saƙon murya bayan dogon shiru. Ba faɗa ya yi ba, muryarsa ma da ƙyar take fita. Ya ce ba zai zo ba, ba don aiki ba ne, ba zai iya kallon tulun ba ne, duk lokacin da ya sayi tikiti sai ya tuna abin da ta roƙe shi bai yi mata ba. Ya ce in samu kogi mai kyau in zuba, tana son zama bakin ruwa, kuma ya yafe mini duk yadda na yi. Na mayar masa da cewa ba ruwa ta ce ba, gefen babanka ta ce, ko tokar ce a kai ta can. Ya saurara, bai amsa ba.

Duk da haka da hantsi na ɗauki jakar na tafi bakin ruwan da ke Saint-Denis kusa da unguwarmu, na ce bari in gwada in huta. Na zauna, na fito da tulun, na ɗora hannu a murfin. Ruwan baƙi ne, ga robobi da gwangwanaye suna yawo a kai. Na kasa murɗawa. Ban ma san ko doka ta yarda a zuba a nan ba, amma ba dokar ce ta hana ni ba, tunanin abin da zan gani ne idan murfin ya buɗe, da kuma iska ta kaɗo mini ita a mayafi. Na mayar cikin jaka na dawo.

Na kira wurin da aka ƙona ta a Lyon, sun ce za su iya karɓa su ajiye na wani lokaci, idan dangi ba su zo ba su watsa a wani lambu da suke da shi don haka. Ni ba ni da bizar Ingila, da tuni na kai ta ƙauyen da kaina, na san sunansa, na san cocin da kabarin Tom yake. Ga shi kuma yau gwaggo ta ce ƙanwar Alhaji za ta iso daga Maraɗi ranar Asabar, a ɗakina za ta sauka, kuma gobe za mu fitar da komai a share.

Yanzu haka a wurin wanki na unguwa nake wannan rubutun, jakar tana tsakanin ƙafafuna, don na daina barinta a gida. Don girman Allah ku gaya mini, in faɗa wa gwaggo gaskiya in jure abin da zai biyo baya? In mayar da ita Lyon alhali na san ƙarshenta watsarwa ce? Ko in yi abin da ɗanta ya ce tunda shi ne mai haƙƙi ba ni ba? Malaman gidan nan, ina da zunubi idan na zuba, ina da zunubi idan na ci gaba da riƙewa? Kuma 'yan'uwa mazauna Ingila da ke shigowa Paris, ko akwai wanda ya san yadda ake yi a binne toka a kabarin miji idan ɗa ya ƙi zuwa, kuma akwai mai zuciyar da zai iya ɗaukar ta ya ƙarasa da ita? Ba ta da nauyi sosai, hannu ɗaya ma ya isa.