Dokar Fita Jana'iza da Ta Hana Ɗana Binne Mahaifiyarsa

Zuwa ga Maigirma Shugaban makarantar kwana da ɗana Basiru yake karatu, da dattawan hukumar da ke kula da ita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiyar 'ya'yan mutane. Allah ya saka muku.

Sunana Garba, ina zaune a unguwar Alabar a nan Kumasi, yadi nake sayarwa a kasuwa. Ni ne mahaifin Basiru, ɗan ajin ƙarshe, wanda kuka dakatar saboda ya haura katanga ya dawo gida. Ban ambaci sunan makarantarku ba, kuma ba zan ambata ba, don ba tozarta ku na fito yi ba. Na zo ofishinku na zauna a kan benci, an saurare ni a tsaitsaye, an ce doka doka ce. Shi ya sa na kawo maganar fili. Jarrabawar fita ta matso, ɗana yana zaune a gida, kuma abin da nake nema shi ne ya koma ajinsa.

Na farko, abin da ya faru.

Matata Maimuna, mahaifiyar Basiru, ta daɗe tana jinya. Wata Talata bayan mun dawo sallar asuba Allah ya karɓi abarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin rana ta ɗaga mata sun cika gida, samari sun tafi haƙar kabari, ni da hannuna na yanko mata likkafani a shagona. Liman ya ce a sallace ta bayan azahar. Na ce masa a yi mini alfarma a kai la'asar, ɗanta na fari yana makaranta, zan aika a ɗauko shi. Makarantarku ba ta da nisan da mota za ta kasa zuwa ta dawo kafin la'asar.

Tunda ba ku yarda yara su riƙe waya ba, sai na kira malamin da ke kula da ɗakin kwanansu. Bai ɗauka ba, na san yana aji. Na tura ƙanena Ɗanlami, wato baffan yaron, ya kama mota ya tafi. Ɗanlami ya isa, ya samu malamin, ya gaya masa. Malamin ya yi masa ta'aziyya, har ya ba shi kujera da ruwa. Daga nan ya ce takardar izinin fita, wadda kuke kira eksiyat, ba a bayar da ita don jana'iza sai iyaye sun rubuto tun da wuri, sun haɗo da katin jana'izar da aka buga, mai hoton mamaci da ranar da za a yi. Kuma a ƙarshen mako ake bayarwa.

Ɗanlami ya ce masa, Masta, ai yau za a binne ta, mutane suna zaune suna jiran yaron nan. Malamin ya yi mamaki ƙwarai. Ya ce mene ne na gaggawa, ku kai ta firjin ajiye gawa mana, ku shirya a tsanake, in ranar ta zo shi da kansa zai sa hannu. Ɗanlami ya nemi ganinku, aka ce kun tafi taro. Ya nemi ko ganin yaron ne a ba shi, aka ce suna da gwaji gobe, mummunan labari zai rikita shi, gara a bari ya gama.

Maigirma, na san malamin nan ba da mugunta ya faɗa ba. Wallahi har zuciyarsa ya ɗauka shawara mai kyau yake ba mu. Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai.

Muka jira. Aka yi la'asar, makara tana ajiye a ƙofar masallaci, ina ta leƙen hanya kamar mahaukaci. Da Ɗanlami ya sauko daga mota shi kaɗai, na daina leƙen hanya. Liman ya dube ni, na ce a yi. A wurinmu, in mace ta rasu, mijinta da 'yan'uwanta da ɗanta su ne suke sauka cikin kabari su karɓe ta. Na sauka, yayanta ya sauka. Wurin Basiru wani ɗan ƙanwarta ne ya tsaya.

Ku kuma kun san yadda yaron ya ji? Washegari wani ɗan unguwarmu da yake jeka-ka-dawo a makarantarku ya gan shi a bakin aji, ya kama hannunsa ya ce masa, ya haƙuri, Allah ya jiƙan Mma. Yaron nan ya ɗauka Basiru ya sani. Haka ɗana ya ji mutuwar uwarsa, da biro a hannu, a gaban 'yan ajinsu. Ya je wurin malamin, aka sake karanta masa dokar nan. Da rana tsaka ya haura katanga ya kamo hanya. Ya shigo unguwa ya tarar da rumfa da tabarmi a ƙofar gida, ya wuce mu duka ya shiga ɗakinta, ya tarar an naɗe katifar. Ƙarar da ya yi har yau tana cikin kunnena.

Bayan an yi addu'ar uku na mayar da shi da kaina. A bakin ƙofa aka miƙa mana hukunci: ya fita ba izini, an dakatar da shi sai kwamiti ya zauna. Har yau kwamiti bai zauna ba.

Na biyu, inda dokar ta kuskure.

Ba na raina al'adar kowa. Ni da baƙin yadi da jan yadi na makokin Asante nake ciyar da iyalina. Na san yadda ake yin ayie, wato jana'izarsu: a ajiye gawa, dangi su zauna su sa rana, a jira na ƙasar waje su iso, a buga kati, a kafa allo a bakin titi, ranar Asabar gari ya cika. Na sha zuwa, na zauna, na ba da gudummawa. Maƙwabcina a kasuwa, wani dattijo Ba'asante, da ya ji Maimuna ta rasu rufe shagonsa ya yi ya bi mu har maƙabarta da ƙafa. Shi ya san mu, don tare muke wuni.

Wanda ya rubuta dokarku ayie ya duba ya rubuta. Ga mai ayie doka ce mai kyau, ba ta cutar da kowa. Amma mu ba ma ajiye gawa. Addininmu ya ce a gaggauta, kuma haka kakanninmu suke yi tun da suka sauka a garin nan. Wanda ya rasu da safe, kafin magariba ya kwanta. Yaushe za mu buga kati? Wane hoto? Wace wasiƙa zan rubuto muku tun da wuri, ko an taɓa sanar da mutum ranar da matarsa za ta mutu? Haba, Maigirma! Zongo, unguwarmu ta Musulmi, ba jiya aka kafa ta a Kumasi ba. 'Ya'yanmu sun cika ajujuwanku, suna ci muku gasa, suna buga muku ƙwallo. A ce duk makarantar babu wanda ya taɓa tambaya yadda mutanen nan suke binne matattunsu?

Na uku, ba ni kaɗai ba ne.

Da labarin Basiru ya bazu, sai mutane suka fara zuwa mini ta'aziyya biyu, ta matata da ta ɗana. Wata baiwar Allah daga Asokore Mampong ta zauna a tsakar gidana tana kuka, ta ce 'yarta ma a wata makarantar kwana take lokacin da ubanta ya rasu, ba ta ga fuskarsa ba kafin a ɗaure likkafani, har yau yarinyar ba ta yafe mata ba. Wani makanike daga Dichemso ya ce shi da ya ga za a yi masa haka, ƙarya ya yi, ya ce yaron asibiti zai kai shi, sannan aka sake shi. Ku duba fa, mutum da gawar matarsa a gida, sai da ya yi ƙarya kafin a ba shi ɗansa. Kowa ya haɗiye nasa ya yi shiru, yana ganin ƙaddararsa ce shi kaɗai. Mu mutanen Zongo akwai mu da haƙurin da ba shi da amfani.

Yanzu mun daina shirun. Muna zama bayan sallar Juma'a, iyaye maza da mata, da limamai, da samarinmu da suka yi karatun boko. Mun yanke cewa za mu bi makarantun kwana ɗaya bayan ɗaya, mu kai maganar har wurin masu tsara dokokin ilimi. Da ku muka fara don a ƙofarku aka tsayar da ɗana.

Na huɗu, na san abin da za ku ce.

Za ku ce yara maƙaryata ne. Gaskiya ne, ni ma na haifa. Akwai yaron da ya kashe kakarsa sau uku don ya fita yawo, tsohuwa kuwa tana nan tana cin tuwonta. Za ku ce amanar yara tana wuyanku, ba za ku miƙa yaro ga duk wanda ya zo ya ce shi baffa ne ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma na gode da kuke tsaronsu. Za ku ce in kuka yafe wa wanda ya haura katanga, gobe kowa zai haura. Ban ce Basiru ya kyauta ba, na yi masa faɗa, ko da yake faɗan bai yi nisa ba muka fashe da kuka ni da shi. Amma duk waɗannan suna da magani, kuma maganin ba rufe ƙofa ba ne.

Ga abin da nake roƙo, ni da iyayen da suka ɗora mini wannan magana.

Ku mayar da Basiru ajinsa da ɗakin kwanansa tun kafin jarrabawa ta riske shi a gida, kuma kada ku rubuta masa wannan a matsayin laifi a takardar shaidarsa.

Ku gyara dokar. Idan uwa ko uba ko wanda yake riƙon yaro ya rasu, a sake shi a ranar, ko wace rana ce, ba kati ba wasiƙa. Tun ranar da aka kawo yaro makaranta, iyaye su nuna muku mutum biyu da za su iya zuwa ɗaukarsa, ku san fuskarsu. In kuna shakka, limaman unguwanninmu sun yarda ku kira su, za su tabbatar muku ko an yi mutuwa ko ba a yi ba. A Zongo ba a ɓoye mutuwa, a lasifikar masallaci ake sanarwa.

Kada izinin ya rataya a wuyan mutum ɗaya. In Shugaba ya tafi taro, a samu wanda zai sa hannu.

Kuma don Allah kada a sake ɓoye wa yaro mutuwar iyayensa saboda gwaji. Gwaji ana sakewa.

Maigirma, akwai abin da ban gaya muku ba ranar da na zo, don a lokacin bai faru ba. Basiru yaro ne mai son karatu, uwarsa ce ta dage sai ya yi makarantar kwana, ta sayar da zannuwanta ta saya masa akwati da katifa. Tun da kuka dawo da shi, kullum yana bina kasuwa, yana auna yadi, ba ya magana. Littattafansa suna cikin akwati bai buɗe ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, zan rubuta, in Allah ya yarda za a mayar da shi. Sai ya ajiye almakashi ya ce mini, Baba, ko sun ce in koma ba zan koma ba. Na ce don me? Ya ce, in na koma, kai ma ka mutu fa?

Ni mai hawan jini ne, kuma yaron ya sani, shi yake karɓo mini magani. Na so in ce masa ba zan mutu ba, amma wannan ba a hannuna yake ba. Na so in ce masa za su sake ka, sai na ga ƙarya zan yi masa, don dokarku tana nan yadda take. Shi kuwa ya koma naɗe yadi.

Don haka janye dakatarwar kaɗai ba za ta dawo muku da shi ba. Ku ba ni abin da zan faɗa wa yaron nan wanda ba ƙarya ba. Ranar da kuka gyara dokar, ni zan ɗauko akwatinsa a kaina in kawo shi ƙofarku, in dube shi in ce masa ya shiga ya yi karatunsa, in tawa ta zo za a buɗe masa, shi zai sauka ya karɓe ni.

Allah ya yi muku jagora, ya sauƙaƙa muku nauyin da kuka ɗauka. Allah ya raya muku zuri'a, ya ja da ran iyayenku in suna raye. Ranar da kowannenmu zai kwanta, Allah ya sa 'ya'yansa suna kusa.

Wassalam.

Garba mai yadi,
Alabar, Kumasi.