Wasan Taubashi a Mikoro

Gaya, ranar Laraba

Zuwa ga taubashiyata Zuliha, ƴar kawuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya Doso, yaya kasuwa? Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurin Hamani mai shela, ni da baki ya ishe ni. Waya ce ba ta da sirri yanzu, shi ya sa na ba direban da ke kai miki kifi.

Zuliha, an tafi da ƙanenki Gado. Shekaranjiya da hantsi jandarmomi suka same shi a bakin gulbi yana gyaran jirginsa, suka sa shi a mota. Matarsa Aisata ta bi su da abinci, aka ce mata an wuce da shi Doso. Ba su faɗi laifinsa ba. Kin dai san tun da aka rufe gada da jirgin nan yake ciyar da gida, yana ƙetarar da mutane zuwa Malanbil da ke hayin iyaka, kuma ba shi kaɗai ke yi ba.

Don Allah ki bincika mana inda aka ajiye shi. Ina cikin damuwa ƙwarai. Ki gaida mutanen gida.

Ubangidanki ko kin ƙi ko kin so,
Hamani

Doso, ranar Lahadi

Hamani,

Na amsa gaisuwarka, muna lafiya. Na bar rumfata na yi ta yawo ofis ofis har ƙafata ta kumbura. Kowa ya ce bai san da shi ba. Daga baya wani mai gadi ya ji tausayina, ya ce yana nan, amma ba a ganinsa tukuna.

Ka ce ba su faɗi laifinsa ba. To kai ma ba ka faɗa ba. A shagon maƙwabcina na kalli taron goyon bayan sojoji da kuka yi a Gaya, a tele. Na gan ka a bisa dandamali da sabuwar riga, kana kururuwa a mikoro cewa abokan gaba sun taru a ƙetare za su far mana. Har na yi dariya na ce ku ga bawan gidanmu ya zama babban mutum. Sai direba ya zo ya ce mini akwai abin da aka yanke ba a nuna ba, wai ka ambaci sunan Gado a gaban jama'a.

Ba na son jin ta a bakin direba. Ka rubuto mini abin da ka ce, kar ka rage, kar ka yi masa kwalliya irin ta masu shela.

Zuliha

Gaya, ranar Alhamis

Ƴar kawu,

Ina gaishe ki, ina kuma jin kunyarki. Ga yadda aka yi.

Kin san aikina: rasuwa, suna, akuyar da ta ɓace. Mutane sun yarda da muryata don ban taɓa shelar abin da ban tabbatar ba. Don haka ne ƴan komite na tsaron ƙasa suka neme ni, suka ba ni moto mai ƙafa biyu da mikoro, suka ce in zaga gari in ce sojojin waje sun cika ƙetare. Ban gani ba, ban kuma tambaya ba. Gaskiya daɗi na ji, an san da ni.

Ranar taro aka rufe kasuwa. Kamiyo ya yi ta kwaso mutane daga Tanda da Karakara, wasu da lauje a hannu, daga gonar shinkafa aka ɗebo su. Mai ɗaukar hoto ne ke ɗaga hannu mu yi ihu, idan bai yi masa ba a sake. Gado yana tsaye gindin itacen bedi yana shan rake, bai tafa ba ko sau ɗaya. Da na tsaya in ja numfashi sai ya ɗaga murya ya ce, "Hamani, sha ruwa, kar muryar gwamnati ta dishe!" Wurin ya ɗauki dariya.

Zuliha, taubashi ya tsokane ka a bainar jama'a ka yi shiru? Tun muna wanka a gulbi ba mu taɓa bar wa juna ba. Bakina ya riga hankalina. Na ce a mikoro, "Jama'a ku ga bawana Gado! Shi ne yake cewa kullum yana ƙetare, bai ga soja ko ɗaya ba sai buhunan albasa da mata masu sayar da gari. Ranar yaƙi a bayan zanen Aisata za ku same shi!" Aka sake fashewa da dariya, shi ma har da riƙe ciki. Amma na ji wasu daga baya suna cewa, "Ai gaskiya ya faɗa." A nan na gane abin da bakina ya jawo masa.

Da aka kama shi na je wurin shugaban komite na ce wasan taubasai ne. Ya ce, "Ni ma ɗan garin nan ne, ina da taubasai. Amma duk Gaya ta ji cewa babu soja a ƙetare, da bakinka, a mikoronmu. To ko shi ya faɗa, ko kai ka ƙirƙira. Wanne ne?" Na dubi ƙofa, na tuna yarana. Na ce shi ya faɗa.

Ban iya cin abinci ba tun ranar. Aisata tana gaishe ni kamar kullum, ba ta san wannan na biyun ba. Har yau kuma ina zaga gari da shelarsu, don ina tsoron in daina.

Hamani

Doso, ranar Litinin

Hamani,

Gaisuwa. Na ga Gado. Ya rame, amma yana tsaye da ƙafafunsa. Ya tambayi Aisata da cikinta, ya tambaya ko an ja jirgin bisa tudu. Da na ambace ka sai ya ce, "Ba komai," ya kawar da kai.

Sun ce za su sake shi idan ya yarda a kai shi taron Asabar ya faɗa wa mutane cewa ya ga sojoji da idonsa. Ya ƙi. Ya ce shi mutanen gulbi za su gaskata, kuma dangin innarmu suna can ƙetare. Ni ce na durƙusa ina kuka har ya yarda. Ka ga ni ma na sa hannu, ba ni da bakin zaginka yanzu.

Roƙona ɗaya ne. Kai za ka gabatar da shi. Ka tsokane shi ko da kalma ɗaya, ka ce masa bawa, ka ce masa matsoraci, duk abin da ya zo bakinka. Mutanen Gaya ba wawaye ba ne, idan sun ji kuna wasa za su gane maganar ba daga zuciyarsa take ba. Shi ma zai iya ɗaga kai a gari. Wannan kaɗai ya rage da za ka iya yi masa.

Ƴar kawunka,
Zuliha

Gaya, ranar Lahadi

Zuliha,

Ina gaisuwa. Ban yi ba.

Na shirya abin da zan ce, na yi ta maimaita shi a bisa moto. Da aka fito da shi daga mota cikin wata riga da ta yi masa yawa, shugaban komite ya zo ya tsaya dab da kafaɗata, har ina jin turarensa. Gado ya dube ni yana jira, na ga bakinsa ya fara motsi irin na mai shirin ramawa. Sai na ji kaina ina cewa, "Jama'a, ga Malam Gado, ɗan ƙasa nagari, ku saurare shi." Ba a taɓa jin na kira shi Malam ba, don haka kowa ya ɗauka maganar ta gaske ce.

Ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, ni na riƙe masa mikoro. Kuma an gaskata shi. Yau da safe samari suka tare wani jirgi da ya taso daga ƙetare, suka yi ta jifa har ya juya. Mata ne a ciki da kwandunan tumatir, akwai wadda na san tana gaisa da innarku.

Jiya da la'asar aka sake shi. Bai kwana a gari ba, ya ɗauki Aisata suka tafi Tanda wurin iyayenta. Na je tasha na tarar mota ta tashi. Idan kin rubuta masa ki ce ya zage ni, ya aiko a ci mini mutunci a tsakiyar kasuwa, zan tsaya. Ban san yadda ake neman gafarar taubashi ba, ba mu taɓa buƙata ba.

Hamani

Tanda, ranar Juma'a

Zuwa ga Malam Hamani mai shela,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya da iyali. Yaya ta isar mini da saƙonka. Babu abin da ka yi mini, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Na bar aikin gulbi. Ina roƙo idan ka samu sarari ranar kasuwa ka yi shela cewa jirgina na sayarwa ne. Surukina zai kawo maka ladan shela kamar yadda kowa ke bayarwa.

Na gode. Ka huta lafiya.

Gado