Gwiwa Ba Ta da Kunne

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata ina cin abinci. Ɗakin ne dai ƙarami, ni da jitar lantarkin da ka ba ni muke raba katifa.

Na ɓoye maka, saura ƙiris a sallame ni daga ƙungiyarmu ta makaɗa. Duk wurin da zan kaɗa ni kaɗai, sai ganguna da fiyano su haɗiye ni. In ƙara sauti, mai haɗa sauti ya rage. Har gaisawa muka daina. Shugabanmu ya fara cigiyar wani mai jita.

Ranar gwaji mai haɗa sautin ya hau dandamali, ya ɗauke lasifikata daga ƙasa ya ɗora kan kujera, saitin kunnena. Ya ce, "Malam, gwiwoyinka kake yi wa kiɗa, shi ya sa ba ka jin kanka." Ya roƙi mai fiyano ya riƙa sassautawa idan na shiga.

Jiya a wurin wasa da hannuna na rage sautin, amma har 'yan kujerun baya suka miƙe.

Turo min hoton yara. Kar ka gaya wa Inna kujera ce ta ceci aikina. Ka ce addu'arta ce, ai ita ɗin ce.

Ƙaninka.