Zanen Fuskar Inna Batulu

Asabar, 5 ga Oktoba, 2019

Na je garin Sara gaida kakata, Inna Batulu. Tun faɗuwar da ta yi da damina ba ta ƙara fitowa tsakar gida ba. Matar da kullum take cewa hoto sana'ar marasa aikin yi ce, yau ita ce da bakinta: "Mero, ki ɗauke ni da abin nan naki." Na ce ko wani tsoho ne ya aiko yana son gani? Ta kai min duka da mafici.

Sai kuma ta daina dariya, ta shafa kuncinta. Zane uku-uku, da ɗaya gajere a gefen hanci. Tun rasuwar ƙanenta Baba Dabo ita kaɗai ta rage da su. "In na tafi, wa zai san kamannin gidanmu?"

Ɗakin duhu, taga ɗaya 'yar mitsitsiya. Hasken filas kuwa ba ta jure shi tun aikin idon da aka yi mata. Haka nan na ɗauka.

Litinin, 7 ga Oktoba

Hoton ya fito duk yashi-yashi, halin tsohuwar kyamarata in ta shiga duhu. Na yi masa abin da nake wa amare: na goge fuskar a kwamfuta, na haskaka ta. Inna ta koma 'yar arba'in. Har na yaba wa kaina.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na kai mata. Ta kawo shi dab da idonta, ta daɗe, ta bi kuncin da yatsa.

"'Yar gidan wa ce wannan?"

Goggo A'i, wadda take jinyarta, ta fara dariya, sai ta haɗiye. Zanen babu ko ɗaya. Ni na share su da hannuna, ban ma lura ba, don hannun ya saba. Inna ta kife hoton a kan tabarma ta ce Allah ya yi min albarka. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. A mota har Birnin Kudu fuskata na cikin mayafi. Kunya ce, kuma na yi kuka.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na duba na asali, wanda ban taɓa ba. Zanen suna nan, amma da ƙyar, yashin ya cinye su. Laifin rabi nawa rabi na kyamara. Haka dai nake so in ce.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na je wurin Oga Barnabas, wanda ya koya min aikin nan, bayan ya taso daga coci. Ya ɗauko babbar kyamararsa da yake son rabuwa da ita, jikin kawai, gilashin tsohuwar tawa zai hau kanta. Ya rufe ƙofar shago da taga, ya ɗauki hoton hannuna ba filas. Har layin tafin hannu ya fito! Kuma da kanta take kama idon mutum, ba sai na yi ta lalube ba.

Na ba shi labarin Inna. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kyamarar kam za ta gani, Mero. Sauran ya rage wa hannunki."

Ya ban haushi, don gaskiya ya faɗa.

Talata, 15 ga Oktoba

Na wuni ina gardama da kaina. Ai aikina duk na cikin gida ne. Kamu, sa lalle, suna, inda namiji mai hoto ba ya shiga. Kuma ɗakunan mata kusan duk irin na Inna ne. Shekara bakwai ina firgita jarirai da filas, ina dawowa gida ina goge yashi, tare da fuskokin mutane. Tumakina za su tafi kasuwa, in sayi kyamarar Oga. Tumaki ai ana sakewa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Goggo A'i ta kira. Inna na zazzaɓi, ko kunu ba ta sha. Ya Allah, ka ara min kwanaki.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Tumaki sun tafi, kyamara ta zo. Nauyi kamar dutsen niƙa. Na gwada ta a ɗakin ajiya, har zaren buhun gero ana gani. Na yi ta murmushi ni kaɗai.

Talata, 22 ga Oktoba

Sara. Zazzaɓin ya sauka, alhamdu lillahi, sai dai ta rame. Da ta gan ni ta ce, "Kin dawo ki sake mayar da ni 'yar wasu?" Amma ta sa Goggo ta ɗaura mata ɗankwalin Sallah, ta zizara kwalli. Muka jingina ta kusa da 'yar tagar. Na danna.

"Kin ɗauka? Ban ji komai ba."

Na duba bayan kyamara. Uku nan, uku can, ga gajeren a gefen hanci.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na wanko shi babba, ban taɓa ko ɗigo ba. Inna ta bi zanen da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga hawaye yana bin zanen nata na gaske.

"Wannan ai Iya ce," in ji ta. "Uwata ce sak."

Shekara sittin rabonta da fuskar mahaifiyarta, ba a taɓa ɗaukar mahaifiyar hoto ba. Ta ce a rataye shi inda za ta fara gani in ta farka. Da zan tafi ta ce har yanzu sana'ar marasa aikin yi ce, sannan ta cusa min gyaɗa a jaka.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Oga Barnabas ya ɗauke ni da sabuwar, don allon da zan kafa a ƙofar gida. Na buɗe a kwamfuta. Ga tabon ƙyandar nan a goshi, wanda nake gogewa a kowane hotona tun da na koyi aikin. Ga baƙina yadda yake. Kuncin kuma na Inna ne, ban taɓa lura ba.

Na tura wanki haka nan. Sauri nake yi, shi ya sa.