Makullin Yana Cikin Jakata

Anti Furera,

Saura kaɗan in fita ban rubuta komai ba. Amma ba na so ki tashi ki tarar da ɗakina wayam.

Na tafi hutu garin Kankun, can wata ƙasa, da Wasilatu, wadda muke aikin kitso tare a shago a unguwar Takoma Park. Mako guda ne, a bakin teku. Tun da na zo ƙasar nan, daga gida sai shago.

Jiya kina wurin aiki na gaya wa Yaya Sabo. Na daɗe tsaye a ƙofar falo kafin maganar ta fito. Bai ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "Samiha, ke da ko kanti sai an raka ki? In kika ja akwatin nan, ki ajiye mini makullin gidana a kan tebur." Na juya na koma ɗakina, kin san ni.

Don Allah ki riƙa zuba wa yakuwata da ke bayan gida ruwa da yamma, kada zafin nan ya ƙona ta. In ya huce ki ba shi haƙuri, ke yake jin maganarki.

Da safen nan na ajiye makullin a kan tebur kamar yadda ya ce. Har na kai ƙofa, Wasilatu tana jirana a mota, sai na dawo na ɗauke shi. Ranar Lahadi zan zo in gwada ko yana buɗewa.

Samiha