Lemon Tsamin Ya Kaka

Zaitawa, Birnin Kano,
Watan Safar, 1956.

Zuwa ga yayana Malam Bukar a Kumasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya kuma sa albarka a kasuwar goro. Mu nan da sauran numfashi, alhamdu lillahi. Matata Dije ta ɗan murmure, ɗanka Ado da ka bar mini riƙo ya shiga aji uku, ya yi tsawo har rigar sallar bara ta gagare shi. Ta'aziyyar ɗana Isiyaku da ka aiko ta bakin fatake ta iso, Allah ya saka da alheri. Kada ka yi mamakin wannan rubutu mai kama da tafiyar kaza, hannuna ne. Ni da ka sani da allura da zaren hula, yau ga ni da fensir, don na shiga ajin Yaƙi da Jahilci bara. Na gode Allah da hakan, saboda abin da zan gaya maka ba na faɗa wa mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ba ne. Kai ma ka nemi mai riƙe amana ya karanta maka.

Bara da kaka masu lamba suka je makarantar su Ado, suka tsaga wa yara damtse don rigakafin agana. Ka san halin mahaifiyarmu Ya Kaka a kan Isiyaku. Tunda sunan mahaifinmu ya ci, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai Maigida, kuma ƙuda ma ba ta yarda ya sauka a kansa. Yana shigowa gida ta ga tsagar, ta yi salati, ta yanka lemon tsami ta murza a wurin, ta bi da toka, kamar yadda tsofaffin unguwa ke yi don kada hannu ya kumbura. Ta kira Ado don ta yi masa shi ma, sai ya tsallake katanga ya gudu, wai malaminsu ya ce duk wanda ya goge zai sha bulala. Hannunsa ya kumbura, ya yi zazzaɓi, Ya Kaka tana cewa ga sakamakon taurin kai nan, duk da ita ce ta zauna tana yi masa fifita. Na Isiyaku kuwa ya warke sumul, ko tabo babu. Ta yi ta nuna wa maƙwabta.

Da bazara agana ta shigo birni. Ba sai na maimaita maka ba, Yaya. Ɗaki ɗaya suke kwana, ƙwarya ɗaya suke shan fura, amma ko ƙurji ɗaya bai fito wa Ado ba, ɗana kuwa sai da fuskarsa ta gagari ganewa kafin Allah ya karɓi abinsa. Muka ce ajali ne, kuma ajalin ne. Ya Kaka ta ce bakin mutane ne ya kama shi saboda ƙoƙarinsa a boko, har ta so a hana sauran yaran zuwa makaranta. Da kyar na lallashe ta ta bar Ado, ta kuma bar 'yata Hajo ta fara makarantar 'yan mata.

Bayan sallar layya malamin ajinmu ya raba mana ɗan littafin kiwon lafiya mu gwada karatu a gida. Ina zaune a zaure bayan la'asar ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya, ina jin daɗin kaina, sai na iso shafin lamba. An rubuta cewa kumburin nan shi ne alamar magani ya kama, kuma wanda aka goge masa kamar ba a yi masa ba ne. Na sake karantawa ko na yi kuskure, don kuskurena a karatu ya fi daidaina yawa. Ban yi kuskure ba. Wallahi Yaya, ranar na yi da-na-sanin iya karatu. Na cusa littafin ƙarƙashin buzu, ban gaya wa kowa ba, har Dije. Ta yaya mutum zai dubi uwar da ta haife shi ya gaya mata wannan?

To, abin da ake gudu shi ya iso. Ranar Talatar da ta wuce aka yi wa su Hajo lamba. Na shigo daga kasuwa na tarar da yarinyar a kan cinyar Ya Kaka, an naɗe mata hannun riga, lemo a yanke. Ban san lokacin da na riƙe hannun tsohuwa ba, abin da ban taɓa yi ba tun da ta haife ni. Na ce malaman makaranta sun hana, ta ce ba su suka haifa mata jika ba. Na ce ta bari don Allah, ta ce ta rasa guda ba za ta zuba ido a lalata hannun wannan ba, kuma sai na faɗi dalili ko in sake ta. Na duba ko'ina ban ga wata hanya ba. Na ɗauko littafin na karanta mata shafin a gaban Dije. Ya Kaka ta ce in sake. Na sake. Ta tambaye ni ko masu rubutun nan suna ƙarya, na ce Ado yana nan da ransa. Sai ta sauke Hajo a hankali, ta gyara mata ɗankwali, ta shiga ɗaki.

Hannun Hajo ya kumbura yadda ake so, tana ma zuwa makaranta. Amma Ya Kaka tun ranar ba ta fito tsakar gida ba sai don alwala. Kunu ma sai an matsa take kurɓa. Na kai mata liman ya yi mata nasiha a kan ƙaddara, ta saurara, ta gode masa. Dije tana kai mata abinci kamar kullum, amma ba sa haɗa ido. Ni kuma ban san ko na kyauta ko ban kyauta ba, zuciyata dai a ƙone take. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu magana, amma wannan na uwa da 'ya'yanta ne, kai ne kuma babba. Ka bar goron nan ka taho kafin ta ƙarasa narkewa.

Ka gaida matarka Fanna da Babagana da 'yar autarku Ladi, da duk mutanenmu na zango. Dije da yara suna gaishe ka. Da na gaya wa Ya Kaka zan rubuto maka, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce in gaya maka ta yafe wa Ado tsallake katangar nan, kuma in ja wa yaran kunne, daga yau in ta kira su da magani a hannu, kada wanda ya zo.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninka,
Ari mai hula.