In An Ɗauke Wuta A Zare Komai

Ajingi

Zuwa ga ƙanwata Surayya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da Malam Muntasir da jaririyarmu Afra'u. Ya jego, ya zafi?

Na san ba lokacin ɗora miki kaya ba ne, amma naka sai naka. Tsofaffin laftof ɗin ajina, waɗanda yara ke gwajin jarrabawar shiga jami'a da su, suna neman kashe ni. Waifai ɗin cikinsu ya mutu tuntuni, sai 'yar na'urar nan ta kama intanet da ake sokawa a gefe. Yaro yana tsakiyar gwaji sai allo ya daskare, aikinsa ya bi ruwa, musamman ranar da wuta ke wasa. Iyaye daga ƙauyen Gafasa sun fara janye 'ya'yansu, wai ana ɓata musu lokacin cirar gyaɗa. In sauran suka bi sahu, aji ya rufu ke nan.

Ga na'ura ɗaya na ba Mala mai mota tare da wannan takarda. Ke ce kika karanci cikin kwamfuta.

Yayanki,
Badaru

Gaya

Hamma Badaru,

Wa alaikumus salam. Jego da godiya, barci ne dai muka yi hannun riga da shi.

Na duba. Na'urar lafiyarta lau, laifin na manhajar da ke sarrafa ta ne. Takan ari wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta mayar, a ba wani, sai kuma ta dawo ta yi rubutu a wurin. Kamar wanda ya tashi daga shago amma ya riƙe makulli, kullum ya zo ya jibge buhunan gyaɗarsa a kan kayan sabon mai shago.

Manhajar ta kowa ce, a buɗe take, 'yan sa kai ke kula da ita daga ƙasashe daban-daban. Na rubuta gyara na aika wa babban mai dubawarsu. Ya dawo min da shi. Na sake, ya sake dawowa da shi. Ƙa'idarsu ita ce sai ka nuna yadda cutar ke tashi kafin a karɓi maganinka. Ni kuwa a nan ta ƙi tashi. Na cire caja, na bar ta a zafi, na yi mata lodi, ko gezau.

Wallahi na gaji, Hamma. Da hannu ɗaya nake rubutu, ɗayan yana riƙe da Afra'u. Wannan ne na ƙarshe. Daga shi na ajiye aikin sa kai, duniya ta nemi wata baiwar.

Taka,
Surayya

Ajingi

Surayya,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta sa na ji kunya. Ki bar shi haka, lafiyarki ta fi aji. Yara biyu sun ƙara tafiya, na fara tunanin komawa gona gaba ɗaya.

Abin da ke min ciwo, ba sakaci muke yi ba. Kin tuna ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone talabijin ɗin Baba, ya kafa mana doka? Ita na kafa wa ɗalibaina. Da an ɗauke wuta kowa zai zare komai, caja da 'yar na'urar da duk abin da ke soke, sai ta dawo ta zauna a mayar. Ba wanda ya taɓa saɓawa. Duk da wannan kulawa ga sakayyar da muka samu.

Allah Ya raya Afra'u.

Badaru

Gaya

Hamma!

Gaisuwa a gurguje. Har da na'urar kuke zarewa? Tana tsakiyar aiki? Kai Hamma, me ya haɗa ta da wutar gari, kwamfutar da ke kan batir? Na yi dariya har Afra'u ta firgita, daga baya na zauna na yi kuka.

Ni a makaranta aka koya min a kashe na'ura kafin a cire, shi ya sa cutar ta ƙi tashi a hannuna. Su ma 'yan sa kai na can ba wanda ke fizge ta, don ba a ƙone musu talabijin ba. Na fizge ta irin ta 'ya'yan Baba, jim kaɗan allo ya daskare. Manhajar ba ta san an tafi da na'urar ba, sai ta ci gaba da zuba saƙo a wurin da ta riga ta mayar.

Ga sabon gyara a filashin da ke hannun Mala. Ka saka, ka sa yara su yi ta fizga, ka rubuto min sakamako.

Surayya

Ajingi

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Mun fizga har hannu ya gaji, ko ɗaya ba ta daskare ba. Yaran Gafasa sun ce za su dawo bayan an gama ɗaukar gyaɗa. Allah Ya saka miki da alheri. Yanzu ki cika alkawarin da kika yi wa kanki, ki rufe kwamfuta ki huta.

Badaru

Gaya

Hamma,

Sallama. An karɓi gyaran, har an rubuta sunanka a matsayin wanda ya gwada. Baba ne dai ba a rubuta ba, alhali dokarsa ce.

Sai dai a saƙon da ya yi godiya, babban mai dubawar ya ce za su cire manhajar gaba ɗaya daga sabon tsarin kwamfuta da zai fito. Ta tsufa, ba ta da mai kula, kuma a saninsu ba mai amfani da na'urar. Sai fa in wani ya ɗauki nauyinta, ya zama duk ɓarakar da ta ɓullo shi za a nema. In aka cire, ranar da ka sabunta kwamfutocinka ba za su ƙara ganin intanet ba. In ka ƙi sabuntawa, sannu a hankali shafin jarrabawar zai daina buɗe muku.

Ban amsa masa ba tukuna. Idona ma zafi yake.

Surayya

Ajingi

Surayya,

Kada ki karɓa. Umarni ne daga yayanki. Ni na jawo miki, kuma wannan kaya ba ranar sauke shi. Gona tana nan.

Badaru

Gaya

Hamma,

Gaisuwa. Takardarka ta iso bayan na aika musu sunana. Ka yi haƙuri, ban taɓa saɓa maka ba sai yau.

Ka ba Mala na'ura biyu, zan riƙa gwaji da su. In da tsohon zanen goyon Inna a gida, a haɗo min da shi, hannu biyu nake bukata.

Taka,
Surayya